Ɗana ya ce boko ɓata lokaci ne, Kwari yake so

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da yaro ɗan shekara 15 ya gama JSS 3 bana. Yanzu ya kafe shi ba zai shiga SS 1 ba, wai boko ɓata lokaci ne, ga ƙanin mahaifiyarsa nan da digirinsa yana jan adaidaita sahu, shi gara in ba shi waje a shago ko in kai shi Farm Centre ya koyi gyaran waya. Ni kaina firamare kawai na yi kuma Alhamdulillah asirina a rufe, to maganar tasa ta fara shiga kaina. Mahaifiyarsa kuma ta tada hankalinta wai lallai sai ya yi karatu. Ku da kuke shugabancin makarantu, tsakani da Allah, karatun nan yana da sauran amfani ko mu haƙura?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya raya mana su ya shirya su. Na karanta saƙon nan naka a ofis bayan an tashi yara, na sake karanta shi da daddare, don kusan duk farkon zango sai wani uba ya shigo min da irin wannan maganar, wani da fushi wani jiki a sanyaye. Tambayarka guda biyu ce a cure. Ta farko, shin boko yana da sauran amfani a zamanin da mai digiri yake neman balas a titi. Ta biyu, shi wannan yaron naka, shi ɗin, me za a yi da shi in an koma hutu. Mutane sun fi son musu a kan ta farkon a majalisa da Facebook, amma ta biyun ce take hana ka barci, kuma amsarta ba lallai ta zo ɗaya da ta ɗan maƙwabcinka ba.

In kuma faɗa maka tun da wuri, shekarata 26 ina riƙe da alli, 9 daga ciki ina shugabantar sakandaren maza a nan cikin gari, tuwona daga makaranta yake fitowa. Kai ɗan kasuwa ne ka san mai kaya ba ya kushe kayansa, to ka auna maganata da wannan ma'aunin. Zan dai yi ƙoƙari in nuna maka inda kayan namu yake da tabo.

Ka fara gano ko ya iya karatun ma tukuna

Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan, yaro ɗan 15 ba ya taɓa cewa "ban iya ba". Cewa yake na gaji, ko ba amfani, ko wane ma da ya yi me ya tsinana. Don in ya ce makaranta zamba ce sai ya zama wayayye a cikin abokansa, in kuwa ya ce ba ya gane abin da ake rubutawa a allo to ya zama abin dariya har ranar aurensa.

Akwai wani yaro da babansa ya kawo min shi wasu shekaru da suka wuce, ɗan SS 1, dogo, tsaf-tsaf da shi, yunifom a goge. Uban ya ce Malam ga shi nan ya ce shi ya gama boko, ka yi masa faɗa. Na ce wa uban ya ɗan jira ni a baranda, na tura ƙofa, na karɓi littattafan yaron na duba. Wallahi rubutunsa ya fi nawa kyau, not cike fal, ba shafin da ya tsallake. Sai na ɗauko littafin Turanci na 'yan aji huɗu na firamare da nake ajiyewa a durowa saboda irin wannan ranar, na buɗe tsakiya na ce karanta min nan. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, leɓensa yana motsi, ba abin da yake fitowa. Na ce to bari Turancin, na miƙa masa shafin jaridar Hausa. Ya haɗa kalma uku da ƙyar ya tsaya. Can sai na ga ɗigon hawaye a kan jaridar, bai ɗago kai ba ya ce "Malam tun aji uku haka nake, ba wanda ya taɓa tambayata". Ashe duk not ɗin nan zane yake yi, yana kwafo siffar baƙaƙen daga allo kamar mai zanen hula. Shekara tara yana zama a aji daga ƙarfe 8 zuwa azahar ana magana da yaren da ba ya ji. Alhaji in kai ne ba za ka gaji ba?

Ba na ce ɗanka haka yake ba, ban gan shi ba. Amma a cikin yaran da aka kawo min da wannan ƙorafin, waɗanda na samu da wannan matsalar sun fi waɗanda ba su da ita yawa nesa ba kusa ba.

Yadda aka yi aka kai nan kuwa, kai da ka yi makarantar allo za ka fi kowa ganewa. A can ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Ka fara da babbaƙu, ka shiga farfaru, ka fara haɗawa, in ba ka biya wa malam daidai ba ba ƙari, ko sa'anka ya yi maka nisa da izu biyar, kai da allonka kuna nan. Mu kuma a boko ana buga ƙararrawa bayan minti 40 monita zai tashi ya goge allo, ko an gane ko ba a gane ba, malami na gaba ya shigo da nasa. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba. Malami yana bin manhaja ne ba yaro ba, don in masu duba makarantu suka zo abin da za su tambaya shi ne ina ka kai a manhaja, ba wanda zai ɗaga yaro daga layin baya ya ce karanta. A takarda an ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, ni kuwa na shiga ajin da na ƙirga sama da 90, wasu a kan taga. In ka ce za ka maimaita wa yaro aji, a makarantar gwamnati ba wajen ajiye shi don na baya suna tahowa, a ta kuɗi kuma mai makaranta yana tsoro kada uba ya yi fushi ya cire ɗansa ya kai layin gaba. Kowa sai ya yi shiru.

Ga kuma maganar harshe. Yaro ya taso da Hausa a gida da layi da Islamiyya, ranar da ya shiga aji sai a ce da Turanci zai koyi haɗa baƙi, abu biyu masu wuya a lokaci guda, wani lokacin ma malamin kansa Turancin lallaɓa shi yake. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare a Ile-Ife, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da harshen uwa a firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka ce an janye, mu da muke cikin aji dai ba littafin farkon da ya iso hannunmu balle na biyun. Sa'annin ɗanka kuma hutun korona na 2020 ya same su suna tsakiyar firamare, wata da watanni a gida, aka dawo aka tura su gaba kamar ba abin da ya faru.

Daga nan sai jarrabawa ta zo, sai a rufe ɓarna da wata ɓarnar. Duk lokacin kwalifayin da WAEC da NECO sai na ga iyaye, wasu da carbi a hannu, sun zo suna cewa Malam a taimaka wa yara. Na san me ake nufi. In na ƙi, a kwashe yaron a kai shi wata santa a bayan gari inda ake rubuta amsa a allo, ya fito da kiredit tara. Kai ka san atamfar da ake manna wa tambarin Holan alhali roba ce, a ido ba laifi, wanki ɗaya ta zuba. To irin wannan takardar kenan, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yin ta, yaro shi kaɗai ne da allon kwamfutar a gabansa. Da yawa cikin masu cewa sun yi karatu bai amfane su ba, takardar suka samu, karatun bai shiga ba. Wannan laifinmu ne mu malamai da ku iyaye da hukuma, ba na cire kaina.

Maganar kawun nasa mai digiri

Amma fa kada in zalunci bawan Allah, akwai waɗanda suka yi karatun gaske, da guminsu, kuma ba aikin. Yaronka bai yi ƙarya ba, idonsa ya gani. Ka bi Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga masana'antun da suka koma sito ko kango, masaƙun da a da suke ɗaukar dubban mutane yanzu kayan da suke yi daga Sin kuke saro shi. Aikin gwamnati kuma kowa ya san yadda ake samunsa. Ga yajin aikin malaman jami'a, na 2022 kaɗai wata takwas aka yi. Yaro mai hankali dole ya yi wannan lissafin.

Inda nake ganin kuskuren yake, tun asali an ɗaura wa boko aure da albashi. Turawa sun ci Kano a 1903, Baturen nan Hanns Vischer da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, Midil ta Kano da ta zama Kwalejin Rumfa aka kafa ta a 1927, kuma abin da ake so a lokacin shi ne akawu da malaman En'e da za su riƙe littafin haraji da na kotu. Duk wanda ya gama aiki yana jiransa. Da aka zo UPE, wato shirin ilimin firamare ga kowa, a 1976, wadda ni ma a cikinta na shiga firamare, aka buɗe ƙofa ga kowa, abu mai kyau, amma alkawarin da aka yi wa iyayenmu bai canza ba, wato ka yi boko ka zama ma'aikaci. Wannan alkawarin ya mutu, kuma ya kamata mu shugabannin makarantu mu daina maimaita shi a asambuli. Ni na daina. Ba na ce wa yara ku yi karatu ku samu aiki, don in na faɗa akwai na layin baya da yayansa yake gida da digiri shekara biyar, dariya zai yi min a ciki.

Mu Kanawa kuwa da can ba haka muka ɗauki ilimi ba. Wangarawan da suka zo zamanin Sarki Yaji malamai ne kuma fatake ne. Zamanin Muhammadu Rumfa da aka kafa kasuwar Kurmi shi ne dai zamanin da Shehu Maghili ya zauna a garin nan. Har gobe akwai attajiran da bayan asuba suna zaure da littafi a gaban malami, hantsi ya yi su buɗe rumfa, bayan magariba su koma, kuma iyayenmu da ajami suke rubuta bashi da wasiƙar fatauci zuwa Gwanja. Ba wanda ya ce musu ku zaɓi ɗaya, karatu ko kasuwa. Wannan zaɓin da ɗanka ya ajiye maka a gaba baƙo ne a garin nan.

Kasuwar da zai shiga ba irin wadda ka shiga ba ce

Nan kai ne malamina, ni iyakata Kwari in zo yankan shaddar sallah. Amma ina da tsofaffin ɗalibai da yawa a can kuma suna ba ni labari. Lokacin da ka fara, amana da haddar farashi da sanin hannun kaya sun isa mutum ya tashi. Yanzu oda ta WhatsApp ake yin ta da mutumin Guangzhou, takardar kaya da ta fito da ta kwastam duk da Turanci, kuɗi ta taransifa. Ka tuna farkon 2023, bayan an canza fasalin naira, da takardar kuɗi ta ɓace, wa ya sha wuya a kasuwa in ba wanda sai an karanta masa alat ba? Nawa aka damfara da alat na bogi? Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500, wanda bai iya lissafin nawa zai sake saro kayan ba ya yi ta sayarwa yana murna yana ganin riba, ashe uwar kuɗin yake ci. Abin da aka yanke a Abuja ko a Sin ko a Amurka yana iso rumfarka kafin sati ya zagayo. Yaron da zai gaje ka in bai iya karanta takarda da kansa ba, to dukiyarka tana hannun wanda yake karanta masa.

Gyaran waya ma haka. Kwanaki wayata ta faɗa ruwa na kai ta Farm Centre wajen wani tsohon ɗalibina, na zauna a benci ina kallonsa. Ya buɗe ta ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗauko mita yana taɓa nan yana taɓa can, ga wata wayar a gefe ya buɗe zanen hanyoyin wutar da ke cikin irin tawa yana bi layi-layi. Ya ɗago yana dariya ya ce Malam ka tuna dokar Ohm ɗin nan ta lissafin wutar lantarki da muke tsallake katanga saboda ita, yau ita nake ci. Ya ce min masu canza sikirin da bakin caji sun cika kasuwar, kowa ya iya cikin wata uku, amma masu aikin cikin bod ɗin 'yan kaɗan ne kuma su ake kawo wa aiki daga sauran shagunan, bambancin kawai su suna iya bin bayanin da ake sawa a YouTube da Turanci, suna gane lissafin wuta. Duk wata shida sabuwar waya ta fito, wanda ya iya karatu ya koya wa kansa, wanda bai iya ba ya jira a nuna masa.

Wannan shi ne amfanin da nake iya rantsuwa a kansa. Ba aiki ba. Mutum ya iya karanta abu ya gane, ya iya lissafi, ya iya rubuta abin da yake nufi, ya iya koya wa kansa sabon abu ba tare da an riƙe masa hannu ba. Ko wannan fasahar ta AI da yara suke sa ta yi musu aikin gida yanzu, na lura wanda ya iya karatu ita take masa aiki, wanda bai iya ba kwafe shirmen yake har da inda ta yi kuskure.

Da ni ne kai

Ba zan yanke hukunci a wannan satin ba, kuma ba zan yi masa tsawa ba. Zan fara gwada shi irin yadda na gwada wancan yaron. Ba sai ka iya Turanci ba, ka ba shi rubutun Hausa ya karanta maka a bayyane sannan ya faɗa maka da bakinsa me aka ce, ka ba shi lissafin shago na gaske, yadi kaza a kan kaza, an rage kaza, nawa ya saura, ka sa wani da ka yarda da shi ya gwada shi a Turancin. Sannan ka je makarantarsu ba tare da ka sanar ba, ka nemi fom masta ɗinsa ba firinsifal ba, mu firinsifal sau da yawa sunan yaro kawai muka sani. Ka duba littattafansa ka ga yaushe rabon da jan biro ya taɓa su.

In ka samu karatun ne babu, to tura shi SS 1 a haka zalunci ne, ƙarin shekara uku na zaman kurame, ƙarshenta ka sayi sakamako. Jefa shi kasuwa a haka ma zalunci ne. Ka nemo masa malamin firamare, na firamare fa na ce, wanda ya san yadda ake koyar da haɗa baƙi, ba ɗan jami'a da zai zo yana masa nahawu ba. Awa ɗaya kullum, a fara da Hausa, in ta zauna a hau Turanci. A yi shi inda ƙannensa ba sa gani, don kunya ita take kashe wannan aikin. Babban yaro yana saurin ɗauka fiye da yadda kake zato, wancan da na ba ka labari kafin zango biyu ya ƙare yana karanta jarida, ya maimaita SS 1 da yardarsa. A Indiya akwai wata ƙungiya Pratham da ta yi suna a kan wannan, a raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba, a koya musu daga inda suka tsaya. Da na ji bayanin na ce ai wannan tsarin makarantar allo ne aka sa masa kwat. Mu ma yanzu duk sabbin ɗaliban da muka ɗauka sai mun gwada su a satin farko, waɗanda ba su iya ba muna da ajinsu na safe kafin asambuli, ba mu sa masa suna ba don kada a tsokane su.

In kuwa ya iya karatunsa sarai, kawai hankalinsa ne ya tafi neman kuɗi, to wannan ba cuta ba ce, jinin gida ne. Ku yi ciniki da shi kamar manya. Safe makaranta, bayan la'asar da Asabar da duk hutu shago ko wajen gyaran waya, da sharaɗin ranar da sakamakonsa ya faɗi ko aka ce ya yi fashi to shagon ma an rufe masa. Kuma in ya zo shagon kada ya zama ɗan aike da sayo abinci kawai, ka damƙa masa littafin shige da fice, shi zai rubuta, shi zai karanta maka saƙon masu kaya, nan zai ga inda boko yake shiga cikin kuɗi. A Jamus haka tsarinsu na koyon sana'a yake a hukumance, matashi ya yi kwana uku ko huɗu a wajen aiki, ɗaya ko biyu a makaranta, ya fito da sana'a da takarda. Mu ma tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a JSS, uku a SS, huɗu a jami'a, manufarsa kenan, in yaro ya gama JSS 3 a duba inda ya fi ƙarfi, wani ya tafi fannin fasaha. Mu ne 'yan farko-farko, na ga injinan koyon sana'ar da aka kawo makarantarmu da idona, a cikin akwatunansu suka tsufa a sito don ba wuta ba mai koyarwa. Amma har yanzu akwai kwalejojin fasaha na gwamnati, akwai ta cikin gari, akwai Bagauda da Wudil da Ungogo, suna yin jarrabawar NABTEB ta kammala karatun fasaha da sana'a, kuma da ita ana shiga Poli. Yaron da yake son wuta da waya, wannan hanyar ta fi masa zaman ajin adabi. Ka je ka ga wajen da idonka kafin ka kai shi, ka tambaya ko ana taɓa kayan aiki da hannu ko a allo ake zana su.

Abu biyu za ka kula da su a wannan tsarin. Kuɗi a aljihun ɗan 15 yana da zafi, in ya fara samun na kansa da yawa malamin da albashinsa bai kai cinikin yini ɗaya ba, zai fara zama abin raini a idonsa, to ka riƙa ajiye masa kaso mafi yawa. Sannan kada Islamiyya ta zama ita ce aka yanka don a samu lokacin, a mayar da ita dare ko asuba. Ubangidan da za ka kai shi wajensa ma ka bincike shi kamar mai neman auren 'yarka.

Akwai kuma dalili na uku da yake sa yaro gudun makaranta, wanda ba rashin iya karatu ba ne ba kuma son kuɗi ba. Wani yaron tsoro ne yake korarsa, 'yan daba a hanya, ko manyan ɗalibai masu ƙwace kuɗin tara, ko wani malami da ya mayar da shi abin misali a aji, ko abokan da suka fara shaye-shaye suna jansa. Ni kaina na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna, ina mataimakin shugaba a lokacin, na yi ta zane wani yaro a bakin get saboda makara kusan kullum, har ya daina zuwa. Daga baya na ji ashe mahaifinsa ya rasu, shi yake kai wa mahaifiyarsa niƙa ya tsaya ya sayar da ƙosai kafin ya taho. Tambaya ɗaya da na yi masa da ban rasa shi ba. Irin wannan ba kai zai faɗa wa ba Alhaji, mu iyaye maza kwarjini ya yi mana yawa. Mahaifiyarsa ko wata gwaggonsa ko ma shi kawun mai adaidaitar su za su ji cikinsa. Kuma shi kawun ka zauna da shi, ka tambaye shi a gaban yaron ko da za a mayar da shi baya zai bar karatun, ka bar shi ya ba da amsarsa ko wace iri ce.

Ba zan ɓoye maka ba, na ga yaran da suka bar makaranta a wannan matakin kuma suka yi albarka, wasu yanzu su suke taimaka wa makarantar da kujeru. Ƙofar dawowa ma ba a rufe take ba, akwai WAEC da NECO ta masu zaman kansu, akwai makarantun manya na hukumar yaƙi da jahilci da aka kafa tun 1980 zamanin Abubakar Rimi, akwai jami'ar karatu daga gida. Sai dai a abin da na gani, in kuɗi ya fara shigowa aka yi aure aka haihu, masu dawowar kaɗan ne, kuma waɗanda suka yi albarkar kusan dukkansu sun fita ne da karatunsu da lissafinsu a hannu. Shekara uku ce tsakaninsa da kammala sakandare, zai gama yana da 18, Kwari tana nan ba inda za ta. Maganar jami'a kuma ku bar ta sai lokacinta, wannan shi zai zaɓa, kuma in ya ce a lokacin kasuwa zai yi ni ba zan ce ya yi asara ba.

Ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, kuma a yi shawarar da ita a zaune don kada yaron ya gane bakinku bai zo ɗaya ba ya riƙa shiga ta tsakani. Gwajin kuma kada ka yi masa shi a shago gaban yaranka, ka bari sai bayan isha'i ku biyu a ɗaki, ka miƙa masa takardar kamar kai ne idonka ba ya gani sosai kana so ya taimaka maka. Abin da ka gani ka rubuto min, in akwai buƙata sai in faɗa maka irin littafin da za a fara masa da shi.